Shinkafar basmati a Birmingham: ga ƙamshi, amma ba ta tuwo

Yaya, barka da ƙoƙari, ya yara? Kin tambaye ni wace irin shinkafa muke ci a Ingila. To, basmati ce, irin wadda kika ci a Makka kika dawo kina santi.

Ba a nan ake nomanta ba. Daga Indiya da Pakistan take zuwa, musamman yankin Punjab. Ni a titin Alum Rock nake saye, wajen 'yan Pakistan, domin buhun kilo 10 ya fi sauƙi a can kan ƙananan ledojin manyan kantuna irin Tesco. Babu mudu, babu tiya, balle gyara. Amma gaskiya ba tsakuwa ko ɗaya. Tun da na zo ban rege shinkafa ba, har hannuna ya soma mantawa.

Ranar farko na sha kunya. Na dafa ta yadda muke dafa ta gida: ruwa fal, ta tafasa, na wanke, na mayar, ina ta juyawa da ludayi. Ta kakkarye ta caɓe, ga baƙi a falo! Wata maƙwabciyata 'yar birnin Lahore na Pakistan ce ta yi min dariya ta koya min. A wanke ta a hankali har ruwan ya washe, a jiƙa ta minti 30, a tsane. Kofi ɗaya na shinkafa, kofi ɗaya da rabi na ruwa. Da ta tafaso a rage wuta ƙasa-ƙasa, a rufe ruf, minti 10 zuwa 12, kada a buɗe. Bayan an sauke a bar ta ta turara da kanta. Sai ki ga kowace ƙwaya ta miƙe ta kusa ninka tsawonta, wara-wara.

Wajen saye kuma, tsohuwa ake nema. Wadda aka ajiye shekara ɗaya ko biyu ta fi ƙamshi, ba ta danƙo, kuma suna rubutawa a jikin buhu. Mu da muke ɗokin sabuwar shinkafa da kaka! In kin ga an rubuta 1121, irin nan ne mai tsawon gaske. Akwai wadda suke kira sella, launinta rawaya-rawaya. Gumi ce kawai, an turara ta tun tana shanshera. Ita ce ta dafa-duka, tana jure wuta da tumatir, ko da yake farar ta fi ta ƙamshi nesa ba kusa ba.

Inda ta gaza shi ne tuwo. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, ya ƙi haɗuwa. Yanzu 'yar gajeruwar shinkafar da Turawa ke yin kunun madara da ita nake tuƙawa, ba laifi, amma ba ta kai ɗanyar shinkafar Kura ba. In kin samu mai tahowa, a haɗo min da kuka da daddawa, a ƙulle daddawar a leda uku. Ki gaishe min da Inna.