Wane ƙamus za ka saya don kalmomin cika baki da burga na Turanci?

Ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC sun fi kowa tambayata wane littafi zai koya musu kalmomin Turanci na alfahari, zuzutawa da ji-ji-da-kai, irin su boast, brag, hyperbole, pompous da grandiloquent. Amsata ɗaya ce: Oxford Advanced Learner's Dictionary, in dai ka samu na gaske.

Haddace ma'anar waɗannan kalmomi ba shi da wuya. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin cewa yawancinsu suka ne. Na ga yaro a taron yaye ɗalibai ya miƙe zai gode wa babban baƙo, ya ce jawabinsa "very bombastic" ne, yana murmushi, a zatonsa ya yi yabo. Alhali ce masa ya yi ya cika mu da surutu marar ma'ana. Oxford na kare ka daga irin wannan, domin kafin ya ba ka ma'anar pompous ko grandiloquent yana sa alamar disapproving, wato kalmar kushe ce. Yana nuna wadda ta dace da rubutun ofis da wadda ta tsaya a hira, ya kawo jimlolin misali, ya gaya maka cewa about ke bin brag. Wanda ya assasa shi, A. S. Hornby, malamin Turanci ne a Japan, saboda haka tun bugun Oxford na 1948 don baƙin harshen aka yi shi, irinmu. Bugu na 10 ya fito a 2020.

Sauran fa? Roget's Thesaurus, da ke nan tun 1852, zai zube maka kalmomi tuli ba tare da ya ce wacce ta dace da ina ba. Shi ke haifar da masu Turancin burga, masu son zama Patrick Obahiagbon, ɗan siyasar nan da ya yi suna da manyan kalmomin Turanci, dare ɗaya. Word Power Made Easy na Norman Lewis yana da amfani wajen tushen Latin, amma ba ƙamus ba ne. Longman Language Activator ba laifi, yana tara kalmomi masu ma'ana ɗaya wuri guda, sai dai samunsa aiki ne. Manhajojin waya na kyauta kuwa, talla ta fi darasi yawa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido: jabu. Saboda Oxford na da kasuwa, masu satar fasaha sun cika shaguna da kwafinsa. Wani mai shago ya taɓa sayar min da ɗaya a naɗe cikin leda, fes. Da na je gida, shafukan harafin P sun maimaita kansu, wasu babu su gaba ɗaya. Da na koma, mai shagon ya ce kayan da aka fita da shi ba ya dawowa.

Don haka kada ka biya sai an yage ledar a gabanka. Ɗaga shafi ɗaya ga haske. Takardar na gaske siririya ce amma rubutun tsaf yake, na jabu tawadarsa na nasowa, ƙananan haruffan furuci su cuɗe. Duba kalmomin da aka buga da launi, a jabu sukan koɗe ko su goce daga layi. Buɗe littafin ta tsakiya ka danna a hankali. In gam ya fara tsagewa, ajiye shi. Bi lambobin shafi a wurare da dama, musamman can tsakiya inda ba a cika dubawa ba. Idan bangon ya ce akwai lambar shiga manhaja, a nuna maka ita a rufe, ba a kankare ba. In mai shago ya ce "Alhaji, ai duk ɗaya ne, wannan na Indiya ne," tambaye shi rasit mai sunan shagon.

In kuɗinka bai kai sabo ba, nemi gwanjon bugu na 8 ko na 9 na gaske. Kalmomin cika baki ba su canja ba tsakaninsu da na 10.