Littafin hoto ko mai gajerun babi: wanne ya fi dacewa da yara biyu da uwarsu?

'Yar'uwa, kin ce kina da yara biyu, mai shekara 4 da mai shekara 7, kina neman labaran dabbobi masu koyar da kirki da abota, waɗanda ke ma ba za su gundure ki ba in ana maimaita su kullum dare. Kin ga iri biyu, mai manyan hotuna da 'yan kalmomi, da mai gajerun babi da ƙananan zane, kin rasa na ɗauka. Bambancinsu ya wuce yawan hoto.

Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, domin ana buga shi a kan manyan takardu da ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16. In aka cire shafin suna da na bayanan mawallafi, labarin yakan samu buɗi 12 zuwa 14, wato shafi biyu masu fuskantar juna. Kalmominsa ba su cika wuce 500 ko 600 ba, minti biyar zuwa goma an gama. A nan hoto ne ke ɗauke da rabin labarin, wani lokaci ma fiye. Littafin da Jerry Pinkney ya zana a 2009 kan tsohuwar tatsuniyar zaki da ɓera kusan babu kalma a cikinsa sai kukan dabbobi, kuma ya ci lambar Caldecott, kyautar da ake ba mai zanen littafin yara a Amurka, a 2010.

Abin da ke riƙe iyaye a wannan iri shi ne tazarar da ke tsakanin rubutu da zane. Rubutu ya ce, "Bushiya ta ce ba komai, ita ba ta jin sanyi." Zane kuwa ya nuna ta lulluɓe zomo da bargonta ɗaya tilo, ita ta koma gindin bishiya ta duƙunƙune tana karkarwa. Mai shekara 4 zai riga ki gani, ya nuna da yatsa yana cewa ƙarya take yi. Ke kuma za ki yi murmushi, domin kin san mutane masu irin wannan kara. Idan rubutu ya ce "zomo yana baƙin ciki" zane kuma ya nuna zomo yana baƙin ciki, to an faɗi magana ɗaya sau biyu, kuma irin wannan ne ke sa iyaye hamma tun a dare na uku.

Mai gajerun babi yakan kai shafi 48 zuwa 64, da labarai huɗu ko biyar a kan dabbobi guda biyu da ba sa canzawa. Littafin Arnold Lobel na 1970 kan kwaɗi biyu abokan juna haka yake, labarai biyar a ciki. Jimloli gajeru ne don yaro mai koyon karatu ya iya da kansa, zane yana taimakawa ne kawai. Ƙarfinsa yana wurin lokaci. Littafin hoto yakan nuna alheri guda: an taimaki wani, an rama. Mai babi kuwa yana da filin nuna zaman yau da gobe, ɗaya mai garaje, ɗaya mai saurin fushi, yau an ɓata, gobe an shirya ba tare da wani dogon ban haƙuri ba. A ganinmu abota ta fi fitowa a nan, kirki kuma ya fi fitowa a littafin hoto.

Iri biyun suna da cuta ɗaya, wato wa'azi a shafin ƙarshe. Da zarar mujiya ta tara dabbobi ta ce "darasin da muka koya shi ne", marubucin ya nuna bai yarda da labarinsa ba. Sai kuma alherin da ba ya cin komai. In giwa ta ba ɓera abin da take da shi tuli, yaro ba zai ji komai a ransa ba. Sai mai bayarwa ya rasa wani abu, barcinsa, rabonsa ko girman kansa. A duba kuma ko dabbar ta riƙe halinta: jinkirin kunkuru ya kamata ya zama matsala a labarin, ko ya zama mafita, in ba haka ba da kowace dabba aka sa a wurinsa daidai ne.

Kafin ki biya kuɗi, ki rufe rubutun da tafin hannu ki bi hotuna kaɗai. A littafin hoto ya kamata ki gane abin da ke faruwa. A mai babi, ki karanta shafi biyu a bayyane, duk inda harshenki ya sarƙe, na mai shekara 7 ma zai sarƙe. Ki buɗe tsakiya ki ga ko fuskar dabba ta faɗa cikin ninkin littafin, da ko an ɗora baƙin rubutu a kan launi mai duhu, wanda ke wahalar da ido a hasken dare. Ɗinkakken littafi ya fi wanda aka manne da gam jure hannun yara.

In biyu za ki saya, ki ɗauki ɗaya daga kowane iri, babban ya riƙa karanta wa ƙaramin littafin hoton, ƙaramin yana farautar abin da ke ɓoye a zane. In ɗaya ne, mu dai mai gajerun babi za mu zaɓa. Ƙaramin zai iya sauraron labari guda a dare, babban zai karanta da kansa, ke kuma kina da labarai biyar da za ki riƙa juyawa a mako.