Bidiyo ko alƙali a wurin: wanne ya fi adalci wajen tabbatar da ƙarfin damƙa?

Malam, ka tambaya idan mutum ya ce ya rufe ƙarfen matsi lamba 3, wato ƙarfen nan mai mariƙi biyu da sifirin da ake matsewa da hannu ɗaya har mariƙan su haɗu, ko ya ɗaga wani nauyi da damƙar hannu ɗaya, me ya kamata mu karɓa, bidiyon da ya turo ko shaidar alƙalin da ya tsaya a kansa. Toh bari in jera maka su kusa da juna, dama tun ranar da aka fara musu a guruf ɗinmu kan bidiyon da wani ɗan uwanmu ya turo yana matsa ƙarfen, bakina ke ƙaiƙayi.

Mu fara da shi ƙarfen kansa, don nan ne yawancin rigimar take kwance. Captains of Crush na kamfanin IronMind da ke Amurka, wanda kowa ke kwatance da shi, lamba 3 an ba shi fam 280, kusan kilo 127 kenan, lamba 4 kuma fam 365. Sai dai lambar da aka buga a gindin mariƙin ba ta gaya maka komai game da wannan guda ɗin da ke hannun mutum. Ka ɗauko lamba 3 guda biyu, ɗaya zai iya fin ɗaya tauri sosai, saboda sifirin ba ya fitowa daidai wa daida. Masu awo da kansu suna kafe mariƙi ɗaya su rataya nauyi a bakin ɗayan har ya rufe, kuma da wannan awon lamba 3 yakan faɗo wajen fam 150 ne, wani sama wani ƙasa. Sannan ga wanda ya sha aiki ya yi laushi, ga wanda aka ɗiga wa mai, ga ma wanda aka gasa sifirinsa da wuta don ya saki, kuma wallahi a bidiyo duk kamarsu ɗaya. Anan alƙali ya yi wa kyamara nisa, shi zai riƙe abin ya juya shi ya matsa da hannunsa. Shi ya sa IronMind sai dai a farke sabo daga ledarsa kafin su sa sunanka a jerinsu na waɗanda suka rufe shi. Alƙalin ne kuma zai shafa tafin hannunka ya ji ko alli ne kawai ko an ɗan goga wani abu mai danƙo.

Sai inda aka fara matsawa. Da can mutum yana iya sa ɗaya hannun ya tura mariƙin ciki sosai kafin ya saki ya ƙarasa, to tun 2004 IronMind suka kawo dokar kati, wato sai faɗin katin banki, milimita 54, ya shige tsakanin bakin mariƙan biyu sannan ka fara. Richard Sorin da ya fara samun shaidar lamba 3 a 1991 da Joe Kinney da ya fara samun ta lamba 4 a 1998 duk kafin dokar suka yi nasu, don haka in za a gwada su da na yanzu sai a faɗi wace doka aka bi. A wasu gasanni ɗan katako mai milimita 20 ake zurawa maimakon kati, kuma bambancin ba kaɗan ba ne, wanda ya rufe da 20 ɗin zai iya kasawa da kati. A wannan gaɓar canjaras suke, alƙali zai gani, bidiyo ma zai nuna in dai an nuna katin a fili ba a wuce shi da sauri ba.

Inda bidiyo ke cin alƙali shi ne ƙarshe. Haɗuwar mariƙan nan wani lokaci ko daƙiƙa ɗaya ba ta kaiwa, hannu na rawa, naman gefen ƙaramin yatsa ya kumburo ya rufe wajen, mutane na ihu, alƙali ya ƙifta ido shikenan an wuce. Na taɓa tsayawa wa wani abokin atisayena na rantse ya rufe, da muka rage gudun bidiyon sai ga haske yana leƙowa ta tsakani kamar kaurin takarda, kunya ta ishe ni ranar. Kuma alƙali mutum ne, in abokinka ne zuciyarsa na so ka ci. Bidiyo mutum goma za su kalla su maimaita. Amma shi ma yana da nasa ha'incin, mariƙan ba sa haɗuwa a miƙe ɗoɗar, sukan ɗan goce, sai ka ɗauka daga gefe ka ga kamar sun taɓa alhali ɗaya ya shige bayan ɗaya ne a ido. Dole kyamara ta kalli gindinsu kai tsaye, kuma a ga jikin mutum don kar ya jingina hannu da cinya.

Ɓangaren ɗaga nauyi ma haka labarin yake. Rolling Thunder, wanda ake rataya wa nauyi a ɗaga da hannu ɗaya, mariƙinsa mai kauri ne wajen milimita 60 kuma juyawa yake, juyawar ce wahalar, in ya tsufa garin alli ya cushe shi ya daina juyawa da kyau sai ka ga mutum ya ƙara kilo da yawa ba don ya ƙara ƙarfi ba. Faifan nauyi da aka rubuta kilo 20 a jikinsa kuwa sai sikeli ya faɗa. Dubi duwatsun Dinnie da ake gwada ƙarfi da ɗaga su a Potarch da ke Sikotland, kilo 332 da ɗoriya su biyun, ba ka jin ana musu kan kaya saboda su ne dai guda biyun nan, duk mai so shi zai je ya same su.

Wani ya ce a koma na'urar awon damƙa ta asibiti kawai, irin su Jamar. Tana da kyau, a zaune ake yi gwiwar hannu a lanƙwashe, sau uku a ɗauki matsakaici, amma ma'auninta a kilo 90 ya tsaya, kuma ba aikin rufe ƙarfe take aunawa ba.

In an ce lallai ɗaya zan zaɓa, alƙali zan ɗauka, wanda ya san doka kuma ba ya atisaye tare da mai gwajin. Dalilina, kuskuren idonsa milimita ɗaya ne ko biyu, amma kuskuren kaya yana iya kai kilo da yawa kuma ba ya gyaruwa bayan an gama. Mu da muke warwatse ba ko yaushe za a samu alƙali ba, to sai mu ware ƙarfe guda da aka auna ya riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, bidiyo ɗauka ɗaya ba yanka tun daga buɗe ƙunshin har nuna lambar bayan an gama, mutum uku su kalla kowa ya faɗi nasa ba tare da ya ji na sauran ba.

Shi kuma bidiyon da ya jawo musun, na kalle shi sau huɗu. Ban ce ɗan uwanmu ya yi ƙarya ba, hannunsa da gani akwai ƙarfi, amma ba a nuna kati ba kuma akwai yanka tsakanin nuna lambar da fara matsawa. Ya huta kwana biyu ya sake mana.