Gargaɗi ga mutanen Jos: mai tallar makunnin wuta da ke kwashe wayar gidajen jama'a

Assalamu alaikum. Jama'ar Rikkos, Anguwan Rogo, Nasarawa, Gangare da kewaye, don Allah a karanta wannan a kuma faɗa wa iyaye mata da ke wuni a gida. Akwai wani matashi da ke yawo da baƙar jaka cike da makunnan wuta, yana cewa ragowar kayan kwangila ne daga wani gini a Rayfield, zai sayar a rabin kuɗi kuma ya ɗaura kyauta. Mahaifiyata ya cuta. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba ta ba lallai nasa ba ne, kada in ja wa wani bawan Allah.

Da hantsi yake zuwa, lokacin da maza sun fita. Tsaf-tsaf da shi, tasta a aljihun gaba, ga ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Hajiya. Makunnin falonta mai baki uku ne, wanda masu wayarin ke kira tiri-gan: ɗaya na fitilar falo, ɗaya na baranda, ɗaya na lungun da ke kaiwa kicin. Ya tsufa, ya yi ruwan ƙwai, bakin tsakiya sai an danna da ƙarfi, amma fiye da shekara 20 bai taɓa ƙin aiki ba. Yaron ya nuna mata wani fari tas mai faɗi, ta ga araha, ta ce ya sa. A lura da wannan: babu wuta a lokacin, don haka ba a gwada komai ba. Ya bar lambar waya ya tafi.

Da aka kawo wuta bayan isha'i, fitilar falo ta kama lafiya. Ta baranda da ta lungu kuwa ba sa kamawa sai in ta falo tana kunne, ana kashe ta falo duk su mutu tare. Hajiya ta kira shi, washegari tun kafin a gama karin kumallo ya iso. Ya taka tsani ya shiga silin, ya jima, sannan ya sauko da guntuwar waya a ƙone, baƙi ƙirin, ya ɗora mata a tafin hannu. Ya ce, "Hajiya, Allah ne ya tsare ku. Wayar gidan nan ta gama ruɓewa, sabon makunnin ne ya tona asiri. In ba a canza ba, ina tsoron gobara." Wace uwa ce za ta ji wannan, ga jikoki suna kwana a gidan, ta tsaya ciniki? Ba ta gaya mana ba, wai kada ta ɗora mana nauyi. Kuɗin adashinta ta kwasa, naira 150,000 a biya biyu. Kwana biyu suna aiki shi da wani yaro, suka zare wayoyin falo, kicin da ɗakuna biyu daga cikin fayif, suka cusa a buhu, ya ce zai taimaka ya zubar. Fitilu suka dawo daidai, ta yi ta sa masa albarka.

Bayan mako guda ƙanwata ta kira ni, wai soket ɗin kicin yana warin roba duk sanda aka jona hita. Kun san sanyin Jos, ba gidan da ba a dafa ruwan wanka da asuba. Na ɗauko wani dattijo mai wayarin da muka daɗe da sani, Baba muke ce masa. Ya kashe komai, ya kwance soket ɗin, ya ja bakin wayar ya kankare da wuƙa. Jan ya tafi kamar fenti, ciki fari fat. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ya lanƙwasa ta sau uku ta karye. Kuma siririya ce, girman ta fitila, alhali soket waya mai lambar kauri 2.5 ake sa masa, 1.5 ta fitilu ce. Alminiyam ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 61 cikin 100 take ɗauka in kaurinsu ɗaya, shi ya sa ta yi zafi har robar ta fara narkewa. Sai Baba ya ce a buɗe ɗakin marigayi mahaifinmu, wanda Hajiya ba ta bari a shiga ba. Ya kankare tsohuwar wayar can, ja ce har ciki, robarta ko tsagewa ba ta yi ba. Hajiya ta ɗauko guntuwar da aka ce daga silinta ta fito, ta adana ta a leda. Baba ya juya ta ya ce, "Hajiya, wannan wayar dutsen guga ce, mai silli-silli. A jakarsa ya zo da ita."

Abin da yaron yake so ke nan tun farko: tsohuwar wayar jan ƙarfe da 'yan gwangwan ke saye a kan kilo, ga kuɗin sabuwar waya, ga kuɗin aiki. Makunnin tarko ne kawai.

Na roƙi Baba ya nuna min yadda aka yi fitilun suka rikice, ya zauna a bakin baranda da tsohon makunnin a hannu. In ka juya bayansa, kowane baki yana da ramukansa, an rubuta COM, L1, wani har da L2. Waya ɗaya ce ke kawo wuta cikin akwatin, ita ce layif, ja a yawancin gidajenmu, ruwan ƙasa a sabon tsari. Tana shiga COM na bakin farko, daga nan a yi gada da 'yar gajeriyar waya zuwa COM na biyu da na uku. Lufin suke ce wa wannan. Kowace fitila kuma wayarta tana fita daga L1 na bakinta. Shi ke nan. Abin da yaron ya yi, ya ɗauko gadar daga L1 na bakin falo maimakon COM, don haka sauran biyun ba su samun wuta sai an kunna falo. Baba ya ce gyaran bai kai minti biyar ba, waya ɗaya za a mayar wurinta. Yaro mai koyo zai iya yin wannan kuskure, musamman da yake ba kowane kamfani ke jera ramukan iri ɗaya ba, a wasu makunnan ma bakin tsakiya a kife yake, wanda ya bi wuri bai karanta rubutu ba sai ya ɓata. Amma ni ban yarda kuskure ne ba. Mai kuskure ba ya yawo da ƙonanniyar waya a jaka. Kuma da Hajiya ta ba da labari a Islamiyya, wata mata daga wata unguwa ta ce haka aka yi wa surukarta, har zancen Rayfield ɗin.

Maganar Baba da nake so kowa ya riƙe ita ce: fitilar da ke aiki jiya, aka canza makunni yau ta rikice, matsalarta tana cikin akwatin makunnin nan, ba a silin ba. In ɗaya ce kawai ta kama sauran shiru, an manta gadar. In fitila mai makunni biyu ce, irin ta matattakala ko dogon lungu, sai ta koma aiki daga gefe ɗaya in ɗayan yana wani matsayi, an musanya COM da L1 ko L2. In ka danna ƙasa ta mutu ka ɗaga ta kama, wayar fitilar ta shiga L2 maimakon L1. In bireka ta faɗi da zarar an danna, an cusa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, inda ba wurinta ba. Makunni mai ɗumi ko mai 'yar ƙara kamar ana suya, sukuru ne bai ɗauru ba, kuma wannan kada a kwana da shi. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar zare wayar gida. Ba na cewa waya ba ta tsufa, tana tsufa, ɓera ma yana ci. Amma mai gaskiya zai auna da mita a gabanka, ya nuna maka wurin a inda yake, ba ya sauko maka da guntu a hannu ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki sukudireba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa. Kuma "ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, ana iya dawo da ita hannunka yana ciki. Sai an sauke bireka, an kashe janareta da inbata, an gwada da tasta. Gidajen da suka sa sola su ƙara kula: akwatin makunni ɗaya yana iya ɗaukar layi biyu, na wutar gari da na inbata, in aka haɗa su da gada za a iya ƙona inbatar. Abin da kowa zai iya yi ba tare da taɓa waya ba shi ne ɗaukar hoton bayan tsohon makunnin da wayar salula kafin a zare ko waya ɗaya, da kuma ƙin biyan kuɗi sai an gwada kowane baki da wuta ko janareta.

In kuma aka ce maka wayar gida ta lalace, ka nemo mai wayarin na biyu wanda ba na farkon ne ya kawo shi ba. Hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wutar lantarki, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Waya kuma ka je shago da kanka, ka karɓi rasit, ka duba sunan kamfani da girma a jikin robar da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, sannan ka sa a kankare bakinta a gabanka. Tambari ana iya buga na jabu, kankara ba ta ƙarya. Wata jabun ƙarfe ce aka shafa wa ja, ita mayen ƙarfe yana kama ta, ta alminiyam kuwa ba ya kamawa, sai wuƙa. Tsohuwar wayar da aka zare dukiyarka ce, kada ta fita daga gidanka.

Lambar yaron a kashe take tun ranar da na fara kira. Mun gaya wa mai unguwa, mun kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma ba su guntuwar wayar da makunnin. Duk wanda irin wannan mutum ya shigo masa, kada a taɓa shi, kada a tara masa jama'a, a riƙe shi da magana a kira hukuma.

Baba ya cire layin kicin gaba ɗaya, ranar Asabar zai fara zare wayoyin jabun ɗaki bayan ɗaki. Kafin nan a kan gawayi ake dafa wa Hajiya ruwan wanka. Kuɗin bai dame ta kamar albarkar da ta sa masa ba, jiya ma sai da ta sake faɗa.