GARGAƊI: Da kalma ɗaya, "−40", ya cinye min albashin wata 2

Jama'a, kwana 3 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Amma jiya na ga mutumin da ya damfare ni ya dawo da sabuwar lambar waya yana tallar "gyaran motocin turbo daga nesa", to ba zan iya yin shiru ba. Albashina na wata 2 cur ya tafi hannunsa. Wata 2, a kan guntuwar wayar wuta da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Kuma don Allah kada wani ya zo min da "ai kai ma ka yi sakaci". Shekara 11 ina tuƙi, da hannuna nake juye baƙin man motata, ina da 'yar na'urar sikanin nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Da fitilar inji ta kama, motar ta yi nauyi, turbo ya daina turawa kamar da, ni da kaina na karanta lambar matsalar: P0113. Ban je masa ido rufe ba.

Ga inda ya kama ni. Na kira shi, lambar kawai na karanta masa, ban ƙara komai ba. Sai ya ce, a natse: "Yallaɓai, duba wajen zafin iskar da ke shiga inji, za ka ga −40." Na duba. −40. Ina tsaye a rana gumi na tsiyaya, mota na cewa ana ƙanƙara, ga wani da bai taɓa ganin motar ba ya faɗi lambar daidai. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina yau na gamu da gwani. Har yanzu in na kwanta muryar nan nake ji: "za ka ga −40."

Sai daga baya wani dattijo mai wayarin ya yi min dariyar da ta fi mari ciwo. Ya ce, "Ɗana, yaron da ya yi wata 3 a gabana ya san wannan." Sensar zafin iska 'yar aba ce mai sauƙi: in ta ji zafi tana ƙara barin wuta ta wuce, in ta ji sanyi tana tarewa. Kwamfutar mota tana tura mata wuta mai ƙarfin bolt 5 tana kallon abin da ya rage. In waya ta tsinke ko soket ya saki, sai kwamfuta ta ga bolt 5 ɗin nan cif, ta fassara shi da sanyi mafi tsanani da ta sani, wato −40. Abin da P0113 ke nufi ke nan. In kuwa wayar ta goge ta taɓa bodi, sai ta ba da P0112, allo ya nuna zafi sama da digiri 100. Zare soket ɗin a yawancin motoci, −40 za ka gani. Ba duba ya yi min ba, karatun farko ya biya min, ni kuma na buɗe masa aljihu.

Kuɗin turbo shi ne na ƙarshe, albashin wata 1 da kwata, wai kafin alƙalami. A'a, bari in koma baya. Farko sensa ce. Ya ce tawa ta mutu, yana da "ta asali daga kamfani", kwatan albashi. Ta iso a leda, ba kwali, ba lambar kaya a jiki, amma na ce ai mutumin da ya san −40 ba zai ba ni jabu ba. Na ɗaura, fitila ba ta mutu ba. Tsohuwar sensata kuwa, da dattijon ya ɗora mata mita, ta nuna kusan om 2,000 (ma'aunin yadda take tare wuta) a inuwa, ya dumtse ta a tafin hannu lambar ta fara sauka a hankali. Lafiyarta ƙalau. Na biya kwatan albashi na cire mai lafiya na sa ta bogi.

Na biyu shi ne ya fi ƙona min rai. Ya ce kwamfutar ce ta "rikice", akwai wani ɗan akwati da zai daidaita ta, har ya ƙara wa motar ƙarfi ya rage shan mai. Rabin albashi. Ya turo bidiyo yana nuna wayoyi 2 da zan feɗe, kamar taƙi ɗaya bayan soket, in haɗa akwatin. Na yi. Fitila ta mutu! Na kira shi ina ta godiya, har addu'a na yi wa iyayensa. Ina da saƙon, zan sa muku ku gani, ku ga irin wautar da na rubuta.

Abin da ban lura da shi ba, zafin iska ya tsaya a digiri 20. Da asuba 20, da azahar 20, bayan tafiyar awa 2 a kan babban titi 20. A motar turbo wannan ba wasa ba ne. Turbo matse iska yake yi, iska kuwa in aka matse ta zafi take ɗauka, shi ya sa ake bi da ita ta intakula ta huce kafin ta shiga inji. A irin tawa sensar tana bayan intakula, a haɗe da mai auna matsin iska, soket mai ƙafa 4. Da ita kwamfuta ke sanin iska ta yi zafi, ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya, ta rage turawar turbo, don kada mai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Ni kuma na sa mata maƙaryaci a kunne yana ce mata kullum iska na da sanyi. Ranar da na hau tudu da lodi na ji injin yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Dattijon ya ce ba don ɗayar sensar da ke sauraron wannan ƙarar ba, da yanzu maganar fistin muke yi.

Sannan fitila ta dawo, wannan karon P0111, wato kwamfuta ta gane lambar da ake ba ta ba ta yi kama da gaskiya ba. Mota ta fi ni wayo. Na kira shi, ya ce, "Yallaɓai, abin da na ji tsoro ke nan, turbo ya tafi." Na tura wata 1 da kwata. Sati 1 wai kaya na hanya, sati na 2 wai direba ya yi haɗari, na 3 ya toshe ni ya yi layar zana.

Kwata, rabi, wata 1 da kwata. Ku lissafa, wata 2.

Mun fasa akwatin a gabana. Rezista, 'yar abar da ke rage wucewar wuta, ƙwaya 1 ce a ciki, an dame ta da gam, sai ɗan ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Ungulu da kan zabo. Ainihin matsalar kuma wayar zafin ce ta tsinke a cikin robarta, daidai gindin soket, inda jijjigar inji ke lanƙwasa ta. Dattijon ya ja ta da yatsa 2 sai ta miƙe kamar danƙo. Ya yanke, ya haɗa da dalma, ya mayar da tsohuwar sensata, minti 20 bai cika ba. Turbo ɗina ko tari ba ya yi.

Matata ba ta ce min komai ba, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi. Allah ya isa tsakanina da shi. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗin sau 3, da hoton cikin akwatin duk suna nan, da daddare zan ɗora su in na rufe lambar asusuna.

In kun ga −40, ku fara da soket da waya. Ku bar mota ta kwana, da safe kafin ku tayar ku duba zafin iska da na ruwan inji, ya kamata su zo kusa da juna. Duk wanda ya ce zai sayar muku da akwatin da ake haɗawa da wayar sensa, ku kashe kiran.