Wi-Fi Ba Ya Kaiwa Ɗakin Kwana: Me Ya Kamata Ka Saya?

Kafin ka fitar da ko sisi, duba inda ka ajiye rautar, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gidan. In tana ɓoye a bayan talabijin ko a ƙasa a lungun falo, ɗauko ta ka kai ta tsakiyar gida, ka ɗora a sama, nesa da babban madubi da injin ɗumama abinci, wanda ke aiki a zangon 2.4 GHz, zango ɗaya da Wi-Fi. Sau da yawa nan matsalar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, mafi araha ita ce rifita, 'yar na'urar da ake sokawa a soket, ta karɓi sigina ta sake watsa shi. Aibinta shi ne, in da rediyo ɗaya take karɓa take aikawa, gudun intanet yakan ragu kusan da rabi. Mutane kuma suna kai ta can ɗakin da sabis ya mutu. To me za ta maimaita a can? Wurinta tsakiyar hanya ne, inda wayarka ke nuna sanda uku.

Akwai adaftar da ke aika intanet ta wayar lantarkin gida. Sa'a ce kawai: a wani gidan ta yi kyau, a wani ta ƙi, musamman in wayoyin sun tsufa. A bango ake soka ta kai tsaye, ban da ekstenshan.

Ga gidan bene ko mai kaurin bangon kankare, tsarin mesh irin su Deco, Eero ko Orbi ya fi dacewa. Na'urori biyu ko uku ne masu sunan Wi-Fi ɗaya, kana kiran bidiyo kana hawa bene, wayar ta koma kan mafi kusa ba ka ma sani ba. Yana da tsada, kuma in za ka saya, nemi mai zango uku, wanda ya ware ɗaya don hira tsakanin na'urorin.

Ni dai in da hali, kebul zan ja. Kebul na Cat6 yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya a sakan har tsawon mita 100, babu ruwansa da bango. Ka haɗa ƙarshensa da rauta ta biyu ko ɗaya daga cikin na'urorin mesh, sai dai ka haƙura da huda bango sau ɗaya ko biyu.