Gwanjo kafin hunturu: tsinta, dila ko saye ta waya?

Duk shekara da zarar ruwa ya ɗauke, iskar asuba ta fara busar da leɓe, sai ƙannena da matan unguwarmu su fara aiko mini tambaya iri ɗaya: Yaya, ina za mu samo wa yara rigunan sanyi masu kyau? Wasu kuma tasu tambayar ta fi wannan nauyi. Sun kwashi adashi, suna so su ja jari da gwanjo a cikin gida, suna neman shawara ko su sayi dila sukutum. Na daɗe ina sayen gwanjo, na ci riba, na kuma sha asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu, don haka zan faɗi abin da na sani ba tare da ɓoye inda zuciyata ta karkata ba.

Ni dai tsinta nake yi, kuma ita nake ba kowa shawara. Abin da nake nufi shi ne ki je da ƙafarki wurin mai shago ranar da zai fasa dila, ki tsaya a yanke ɗaurin a gabanki, ki zaɓi kaya ɗaya bayan ɗaya, ki biya kuɗin abin da hannunki ya taɓa. A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar wannan harka, daga nan ne 'yan gwanjo na garuruwa da yawa suke sara. Wanda ke Legas yana da Katangowa da Yaba. Ko'ina ne, tsarin ɗaya ne: wanda ya riga zuwa shi ke kwashe na kirki.

Sammako ake yi. Ki samu mai shago ɗaya ko biyu ki saba da su, ki karɓi lambarsu, ki riƙa tambaya yaushe za a buɗe dilar kayan yara, yaushe za a buɗe ta barguna. In an yanke ƙarafan ɗaurin nan, dilar takan saki kamar ta yi numfashi, kayan su fito a manne da juna, da ƙyar ake ɓamɓaro su, ga wannan ƙamshi-ƙamshin magani da duk mai sayen gwanjo ya san shi. A zagayen farko kuɗin kowace riga ya fi tsada, wani lokaci ninki biyu na abin da za a sayar da ragowar da yamma. Ki biya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Akwai wata suwaita mai ruwan toka da na tsinta wa babban ɗana yana aji biyu na firamare, ya sa ta hunturu biyu, ƙaninsa ya gada, yanzu tana jikin ɗan ƙanwata, ko wuyanta bai saki ba. Ranar da na ɗauke ta mai shagon ya ce, “Hajiya, wannan ko ni na so in ajiye wa yarona.” Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Ban taɓa da-na-sanin kuɗin ba.

A wurin tsinta ido da yatsu ne jarinki. Ki ɗaga riga ki saita ta da hasken rana, duk inda yadin ya sirance ko asu ya ci za ki gani. Ki juya ta bai-bai ki duba hammata da bayan wuya, nan ne tsufa ke fara nunawa. Wando kuma tsakanin cinyoyi da gwiwa. Ki ja zif sama da ƙasa sau biyu ko uku, ki ja robar ƙugu ki saki, in ba ta koma da ƙarfi ba ko kika ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta mutu. Ki karanta 'yar takardar da ke ɗinke a gefen ciki: auduga zalla ko ulu sun fi yadin leda, wanda ke tara zufa da rana ya kuma kasa tare sanyi da asuba. Kayan yaran Ingila shekaru ake rubutawa a jikinsu, amma kada ki dogara da wannan, ki tafi da igiyar awo ko wata rigar yaron da ta yi masa daidai. Takalmi kuwa ki lanƙwasa ƙasansa da ƙarfi. Akwai irin robar da in ta daɗe a ajiye takan rube daga ciki, sama fes kamar sabo, yaro ya sa kwana uku ƙasan ya marmashe a hanyar makaranta.

Na fi son dilar Ingila, kuma ina da dalili. A can akwai shagunan ƙungiyoyin agaji a kusan kowane gari, irin su Oxfam, wadda ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a 1948, da British Heart Foundation da Salvation Army. Mutane suna kai kayan da suka daina sawa kyauta, shagon ya rataye abin da zai iya sayarwa, kuɗin ya tafi aikin agaji. Kayan da ake kaiwa sun fi ƙarfin shagunan, sai a sayar da ragowar bisa nauyi ga kamfanonin da ke tantancewa. Su ne ke ware na maza da na mata da na yara, su raba su daraja-daraja, su matse da inji su ɗaure, galibi kilo 45 ko 55. Shi ya sa wani lokaci za ki tsinci riga da 'yar takardar farashin shagon agajin har yanzu a maƙale, wani lokacin ma sabuwa dal wadda ba a taɓa sawa ba. Ingila ƙasar sanyi ce, kayan sanyinsu na gaske ne, ɗinkin kuma yana da ƙwari. Dilar Amurka ba laifi, sai dai girman kayan ya yi mana yawa, rabin kuɗin sai ya tafi wurin tela. Ta Caina tana da yawan ƙirga da sauƙin kuɗi, amma wanki uku ta gama yayinta.

Masu tallar gwanjo a WhatsApp da Instagram ba zan ce duk macuta ne ba, yawancinsu ma tsintar nan suka yi suka wanke suka goge suka ɗora riba, amma hoto ba ya nuna hammata. Sabbin kayan yara masu arha da ake jibgewa a bakin titi kuwa, araha ba ta ado.

Sai maganar dila a ɗaure, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Shekarar da na yi niyyar fara sayarwa a gida, wata ƙawata ta haɗa ni da wani dillali ta waya. Ya turo bidiyon dila ana buɗewa, kayan yara ne masu kyan gaske, ya rantse mini lamba ɗaya ce ta Ingila, ba a taɓa ta ba tun daga jirgi. Na tura kuɗin adashina gaba ɗaya, har da la'adarsa. Da aka kawo, muka yanke a tsakar gida ni da maigidana. Saman dilar da gefunanta kaya ne masu kyau, kamar guda talatin. Da muka shiga ciki sai ga wanduna marasa zif, riguna masu tabon mai, safa ƙafa ɗaya, har da yankakken labule. Can tsakiya kayan da danshi, wasu sun fara fumfuna, ashe ruwa aka yayyafa don nauyi ya cika. Na kira lambar har na gaji. Abin da na fitar bai kai rabin kuɗina ba, ragowar wani bakanike ya saya a buhu don goge hannu, wasu kuma na ba mai yin matashin kai.

Wannan shi ake kira algus, kuma ba sabon abu ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu a ciki ya ji danshi, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ranar da na sa hannu cikin dilar nan na ji sanyin ruwa, wannan hadisin ne ya faɗo mini.

Dalilin da ya sa algus ya yi yawa a harkar dila yana da alaƙa da hanyar da take biyowa. A dokar kwastan ta Najeriya tufafin gwanjo suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su. Don haka yawancin dilolin a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome ake sauke su, daga nan su shigo ta Seme, ko su hau arewa ta Nijar su ɓullo ta wajen Maraɗi. Dila takan bi hannu huɗu ko biyar kafin ta iso gare ki, kuma babu wata takardar hukuma da za ki riƙe ki kai ƙara da ita. A kowane zango akwai wanda zai iya kwance ta, ya tsince na kirki ya sayar daban, ya cike gurbin da kwantai, ya sake matsewa. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kuɗin dila ya tashi, sannan a 2023 darajar naira ta faɗi, ga rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli. Duk lokacin da kaya suka yi tsada, masu sake ɗauri sai su ƙaru.

In har kin dage sai kin sayi dila, to kada ki yi cinikin biri a sama. Ki je da kanki ko ki tura namiji wanda ya san harkar. Ki duba ƙarafan ɗaurin: na kamfani iri ɗaya ne, tazararsu daidai, sun nutse cikin dilar. In kika ga wani ya bambanta da sauran, ko ga sawun tsohon ɗauri a jikin buhun a inda babu ƙarfe yanzu, an taɓa ta. Dilar asali tauri gare ta kamar katako, kusurwoyinta a tsaye, wadda aka sake matsewa kuwa takan yi taushi a gefe ko ta kumbura a ciki. Ki sa a ɗora ta a sikeli a gabanki. In ta gaza nauyin da aka rubuta an zare, in ta zarce da yawa ki yi zargin ruwa. Tambarin kamfani da ke manne a jiki kada ya ruɗe ki, bugawa ake yi. Bidiyo kuma ba shaida ba ne, dila ɗaya mai kyau za a iya nuna wa mutum hamsin. Abin da ya fi duka, ki ce a fasa a shagon kafin ki bar wurin, ku kuma yi magana tun farko a gaban shaida kan abin da za a yi in ciki ya saɓa wa abin da aka faɗa. Ɗan kasuwar kirki mai shago tsayayye ba ya gudun wannan sharaɗin, domin yana so ki dawo. Wanda ya ce miki “Hajiya, dila sa'a ce, ba a buɗewa sai an biya an fita,” ki yi masa sallama.

Akwai gaskiya kaɗan a maganarsa, ko dilar da ba a taɓa ba tana zuwa da tarkace. Kayan da Turawa ke bayarwa yanzu ba kamar na da ba ne, su ma sun koma sayen tufafi masu arha da ake sawa sau kaɗan a yar. A Kasuwar Kantamanto da ke Akara, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke zama, su toshe magudanan ruwa su taru a bakin teku. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin wannan sharar a matsayin kaya. Babban ɗan kasuwa mai buɗe dila goma a mako yana iya shanye asarar ɗaya da ribar tara. Matar aure mai jarin adashi ɗaya ba ta da wannan ƙarfin. Shi ya sa ko don sana'a ne nake cewa ki fara da tsinta: ki zaɓo guda arba'in masu kyau, ki wanke ki goge, ki sayar, ki koma. Ribar ba ta kai ta dilar da ta yi kyau ba, amma kin san abin da kika saya, kuma kina koyon kaya da idonki.

Akwai abin da ba na saye ko a ina ne, ko kyauta aka ba ni: kamfai, rigar mama, safa da tawul. Waɗannan a sayi sababbi, ƙazuwa da makero ba abin wasa ba ne. Sauran kuma, komai kyansu, kada yaro ya sa sai an wanke. Ina jiƙa na auduga da barguna a ruwan zafi da Dettol, in wanke da sabulu, in shanya a rana tsawon yini, sannan in bi ɗinkunan da dutsen guga mai zafi saboda ƙwan kuɗin cizo da kwarkwata. Na ulu ban da ruwan zafi, yana tsukewa ya koma na jariri, ruwan sanyi da rana sun ishe shi. Wanda ya ɗan yi girma kada ki bar shi don wannan, telolin da ke cikin kasuwar suna rage shi nan take da kuɗi kaɗan, yaro ma girma yake yi.

Kada ki jira sanyi ya sauka. Daga watan Nuwamba kowa ya tuna da rigar sanyi, shagunan sun cika, kuɗi ya hau, na kirkin an kwashe. Ni a ƙarshen damina nake zuwa, wajen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da mai shago ke neman wanda zai rage masa dilar suwaita. In na wanke na goge sai in zuba su a akwati da 'yan ƙwayoyin kafur, su jira hunturu.